Wa Ke Duba Aikin Masu Rubuta Manhaja?

OpenSSL manhaja ce da ke kulle saƙonnin da kwamfutoci ke aika wa juna ta intanet. Masu ita sun bar rubutun umarninta a fili, kowa na iya karantawa, har ya kawo gyara. Saboda haka mutane suka saki jiki, wai idanu da yawa ba za su bar kuskure ya wuce ba.

A ƙarshen shekarar 2011 wani ɗalibin jami'a a Jamus ya aiko da ƙari. Mutum ɗaya tak ya duba, aka shigar. Ashe an manta a sa manhajar ta tabbatar da tsawon saƙon da aka aiko mata. Sai ya zamana mai mugun nufi zai aika 'yan haruffa, ya ce masu yawa ne, ita kuwa ta cika gibin da abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar, har kilobayit 64 a kowane karo, ciki har da kalmomin sirrin jama'a. Ba a gano wannan ɓaraka, wadda aka laƙaba wa suna Heartbleed, ba sai a shekarar 2014.

A ganina ba a yi adalci ba in aka ɗora wa ɗalibin laifi. Duba rubutun wani aiki ne mai cin rai, ba ya jawo suna, shi ya sa 'yan sa kai ke gudunsa. Kamata ya yi kowane gyara ya zo ƙanƙane, mutum biyu su sa hannu kafin a karɓa, kamfanonin da ke cin moriyar manhajar kuma su biya masu dubawar albashi.