Rubutun Jikin Itace Ba Abin Wasa Ba Ne

Idan mutum ya yi nisa cikin daji ya tarar da suna ko wata alama an zana a jikin tsohon itace, me ya kamata ya yi? A ganina ya ɗauki hotonta, ya rubuta inda ya gan ta, ya bar ta yadda ya same ta.

Ga dalilina. A duwatsun yammacin Amurka, musamman jihohin Nebada da Idaho da Kalifoniya, masu yawon daji sukan ci karo da sunaye da shekaru a jikin wani itace mai farin ɓawo da ake kira asfen, galibi cikin harshen da ba su ji. Ashe aikin makiyayan tumaki ne, 'yan ƙabilar Baska daga iyakar Sifen da Faransa, waɗanda suka fara zuwa can tun wajen 1850. Makiyayi yakan yi watanni a kan dutse, daga shi sai karensa sai garke. Sai ya sa wuƙa ko ƙusa ya ja siririn layi a ɓawon, bayan 'yan shekaru tabon ya yi baƙi ya fito sarai. Wani sunan garinsu ya rubuta, wani kukan kaɗaici ya yi, wani kuwa zagin maigidansa ya sha. Talakawa ne da marubutan tarihi suka manta da su.

Wani malamin Jami'ar Nebada, Joxe Mallea-Olaetxe, ya bi daji ya tattara irin wannan zane fiye da 20,000, ya fitar da littafi a kansu a 2000. Ya yi sauri ne domin asfen ba ya cika wuce shekara 100, ga kuma gobarar daji. Itace ya faɗi, labarin ya tafi ke nan.

Na san wani zai ce, to ai makiyayin ma sunansa ya rubuta, don me za a hana ni? Malam, shi ba shi da takarda, ba shi da abokin hira. Kai kuwa littafinka na cikin jaka. Bayan haka, yankan ɓawo rauni ne, ta nan ƙwari da cuta ke shiga itace. Mafi muni kuma, sabon suna yakan hau kan tsoho ya shafe shi. Duk wanda ya dubi darbejiyar da ke kewaye da makarantu ya san yadda wuƙar ɗalibi take wa ɓawo.