AKITEK KO SARKIN MAGINA?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wani ciwo da ya kama mu 'yan boko wanda ba a samun maganinsa a asibiti, wato ciwon laƙabi. Da zarar ɗayanmu ya karɓi takardar digiri, sai ya nemi wata kalmar Turanci ya rataya a gaban sunansa kamar laya, ya shiga kallon mutanen da suka haife shi a wulaƙance. Yau ina so in ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi, wato akitek, mu bi ta har gidan ubanta, mu ga ko abin da muke taƙama da shi yana ciki.

Abin da ya tayar da ni shi ne, a hutun da ya wuce na raka kawuna, wanda ya fi shekara 30 yana sana'ar gini, zuwa wurin wani aiki a garinmu. Muna nan sai ga wani saurayi ya sauko daga mota, da takarda a naɗe a hammata. Kawu ya gaishe shi cikin ladabi, sannan ya ce masa wurin nan tsohon kududdufi ne aka cike, don haka ya kamata a ƙara wa harsashi zurfi. Saurayin bai ko dubi ƙasar ba, sai ya ce, "Baba, ni akitek ne, kai magini. Naka kawai ka bi zane." Kawu ya yi shiru. Ni kuwa da na dawo makaranta sai na nufi laburare, don in san asalin wannan kalma da ake rufe wa dattawa baki da ita.

To, ga abin da na samu. Kalmar daga Girkanci ta fito, kuma kalmomi biyu ne aka haɗa. Na farko shi ne arkhi, ma'anarsa shugaba ko babba. Na biyu shi ne tekton, ma'anarsa magini ko kafinta, wato mai aiki da hannunsa. In ka haɗa su, me ka samu? Sarkin magina! Ashe kalmar da saurayin nan ya ɗauko don ya raba kansa da kawuna, fassararta tsab ita ce sarautar da ke fadojin ƙasar Hausa tun kafin Bature ya san hanyar Lakwaja.

Yadda Girkawa suka yi amfani da ita ma ya isa shaida. Herodotus, marubucin tarihinsu, ya kira Eupalinos da wannan suna, shi ne mutumin da ya huda dutse a tsibirin Samos cikin ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi hanyar ruwa mai tsawon fiye da mita 1,000. Haka kuma ya kira Mandrokles, wanda ya haɗa jiragen ruwa ya yi wa Sarki Dariyus na Farisa gada a kan mashigin Bosforus. Wato a wurinsu duk wanda ya shugabanci ma'aikata a babban aiki, ya san dutse da itace da ruwa, shi ne mai wannan suna. Da kalmar ta shiga Latinanci, Bitrubiyus na Rum, wanda ya rubuta littafi mai juzu'i 10 a kan ilimin gini a zamanin Sarki Agustus, ya tsaya a kan cewa tilas ne mai wannan sana'a ya haɗa abu biyu, ƙwarewar aiki da ilimin littafi, kuma wanda ya riƙe littafi kaɗai ya saki gaskiyar sana'ar. Shi kansa ya yi aikin ƙera makaman yaƙi a rundunar soja.

Bayan faɗuwar daular Rum, kalmar ta ja baya ƙwarai a bakin Turawa. Manyan majami'un Faransa da Ingila da ake zuwa kallo har gobe, shugabannin masu sassaƙa dutse ne suka tsara su suka gina su, mutanen da suka fara daga yaron gini suka hau mataki mataki. A ƙasashen Musulmi kuwa ana cewa mi'imar, daga tushen Larabci mai nufin ginawa da rayarwa. Mi'imar Sinan, wanda ya gina masallacin Sulaimaniyya a Istanbul tsakanin 1550 da 1557, a cikin rundunar Usmaniyya ya goge, yana gina gadoji da ganuwoyi.

To, yaushe aka raba hannu da ƙwaƙwalwa? A Italiya ne, cikin ƙarni na 15. Wani masani mai suna Alberti ya rubuta littafi a kan gini, wanda aka buga a 1485 bayan rasuwarsa, inda ya nuna cewa mai tsara gini daban yake da kafinta, kuma kafinta kayan aiki ne kawai a hannunsa. Alberti ya aikata abin da ya faɗa, domin ginin majami'ar da ya tsara a garin Rimini ta wasiƙa ya riƙa aika umarni, wani ne ya tsaya a kan aikin. Daga can kalmar ta bi ta Faransa ta shiga Ingilishi a tsakiyar ƙarni na 16, har John Shute ya kira kansa da ita a littafinsa na 1563. A 1834 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu a Landan, a 1938 kuwa doka ta hana kowa amfani da sunan a Ingila sai mai rajista. Mu ma a Nijeriya aka kafa ƙungiya a 1960, sannan Doka ta 10 ta 1969 ta kafa hukumar rajista. Ku duba wannan tafiya. Suna ya fara a matsayin shaidar gwaninta, ya ƙare a matsayin lamba a cikin kundin ofis. Yau ma har mai tsara manhajar kwamfuta ana kiransa da shi, alhali bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba.

Na san wasu abokaina na sashen zanen gine-gine za su ce, to, so kake a soke rajista, kowane birkila ya tashi ya gina bene mai hawa 10? Ko kusa. Siminti da rodi suna buƙatar lissafi, kuma rayukan mutane ba abin wasa ba ne, dokar tana da amfaninta. Abin da nake ƙi shi ne ƙaryar da ta biyo bayan dokar, wai kafin zuwan takarda ba mu da masu tsara gini, sai leburori masu kwaɓa ƙasa.

Wanda ya yarda da wannan ƙarya, ya je Zariya ya tambayi labarin Muhammadu Durugu, wanda aka yi wa laƙabi da Babban Gwani. Shi ne ya gina masallacin Juma'a na birnin a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin rabin farko na ƙarni na 19. Da tubali da azara ya tayar da ginshiƙai, ya ɗaura bakan gizo, ya ɗora tulluwa, har masana daga Turai suka zo suna aunawa suna zanawa, aka kuma gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ku faɗa mini, in wannan bai cancanci sunan ba, wa ya cancanta? A Jamhuriyar Nijar kuma, Falke Barmu, maginin ƙauyen Yama a jihar Tawa, ya fara ginin masallacin garinsu a 1962, a 1986 aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan. Francis Kere na Burkina Faso, wanda a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Pritzker, mafi girma a wannan fanni, da aikin kafinta ya fara, kuma makarantar da ta fito da sunansa a ƙauyensu Gando da tubalin ƙasa aka gina ta, tare da mutanen ƙauyen. Duniya tana girmama abin da mu muke jin kunyarsa.

Ko Hausar da muke fassara kalmar da ita a rediyo da jaridu tana da laifi. Muna cewa "mai zanen gini", kamar dai aikinsa ya ƙare a kan takarda. Wannan fassarar Alberti ce, ta ɗauki rabin ma'ana ta zubar da rabi. Sakamakon haka muna ganinsa a biranenmu: gidajen bulo da kwano masu kama da tanda a watan bazara, ba zaure, ba tsakar gida, an kwafo su daga ƙasashen sanyi, alhali soron kakanninmu yana riƙe sanyi da rana, ya riƙe ɗumi da dare. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka ina kira ga abubuwa uku. Na ɗaya, masana harshe a jami'o'inmu su zauna su tsayar da kalmar Hausa mai ɗauke da cikakkiyar ma'ana, ga gwanin gini, ga sarkin magina, duk suna nan a ajiye. Na biyu, kada a ba ɗalibin zanen gine-gine digiri sai ya yi aƙalla damina da rani ɗaya a ƙarƙashin maginin gargajiya, ya san makuba daga laso, ya san yadda ake jera azara. Na uku, 'yan'uwanmu da suka fara aiki a ma'aikatun ayyuka da gidaje su riƙa rubuta sunayen waɗannan gwanaye a kan allon aiki da cikin littattafan makaranta, kafin su ƙare da iliminsu a ƙirji.

Shi kuwa saurayin nan, in wannan mujalla ta kai hannunsa, ga saƙona gare shi. Rabin sunan da kake alfahari da shi na kawuna ne, domin shi ne tekton. Sauran rabin kuwa, wato shugabancin, ba a samunsa sai magina sun yarda ka san abin da suka sani, ka kuma ƙara da abin da ba su sani ba. Ka koma ka dubi ƙasar nan tun damina ba ta faɗi ba. Allah Ya sa mu gane.