Kalmar Mako: Daga "Pullus" Zuwa Sagara

Kalmarmu ta wannan mako ita ce "pullet", wadda muke gamuwa da ita a darasin kimiyyar noma, muke kuma jin ta a bakin masu sayar da 'yan tsaki. Da yawa daga cikinmu mun haddace ta saboda jarrabawa, amma ba mu san asalinta ba.

Asalinta Latin ne, harshen Rumawan da. A wurinsu "pullus" shi ne ɗan dabba ƙarami, musamman ɗan tsuntsu, jam'insa kuwa "pulli". Daga nan kalmar ta shiga Faransanci, inda ake kiran kaza "poule", ƙarama kuma "poulet". Turanci ya ara daga Faransanci, ya samu "pullet", ya kuma samu "poultry", wato kaji da sauran tsuntsayen gida. Mutanen Sifaniya ma "pollo" suke cewa. Har yau masana tsuntsaye idan suka sa wa ɗan tsuntsun da bai fara tashi ba zobe a ƙafa, "pullus" suke rubutawa a littafinsu.

To amma mu lura, ma'anar ta tsuke a kan hanya. A Turancin yau ba kowane ɗan tsuntsu ake kira "pullet" ba, sai macen kaza matashiya wadda ba ta cika shekara ba. Idan aka tambaye mu a WAEC ko NECO muka rubuta "ɗan tsuntsu" ko "ƙaramin zakara", mun zubar da maki.

Hausa ma ba ta rasa nata ba. Wanda aka ƙyanƙyashe bayan kwana 21 tsako ne. Macen da ta tasa, ta kusa fara ƙwai, ita ce sagara, kuma ita ce daidai da "pullet". Ɗan tattabara kuwa ɗan shila muke cewa. Ashe kakanninmu sun daɗe da rarrabe waɗannan matakai.

Mu da muke Kura da Bunkure, wannan magana ta shafi aljihunmu. Ruwan madatsar Tiga ya sa ana noman shinkafa rani da damina, injinan casa kuma suna fitar da dusa da ɓuntu. Dusar tana shiga abincin kaji, ɓuntun kuma a shimfiɗa a ɗakinsu. Shi ya sa ɗalibai da dama ke tara kuɗin kwadagon shuka ko tsinkar tumatir su sayi 'yan tsaki lokacin hutu.

Nan ne sanin kalmar zai cece mu. Masu ƙyanƙyasa suna kiran tsakuwa mace ta irin kajin ƙwai "pullet" tun tana kwana ɗaya. Irin wannan ba ta fara ƙwai sai ta kai mako 18 zuwa 20, kuma duk tsawon lokacin ci kawai take yi. Kajin nama kuwa, wato buroila, suna isa sayarwa cikin mako 6 zuwa 8. Wanda ya sayi na ƙwai yana nufin ya sayar da Sallah nan da wata biyu, zai tarar da 'yan ƙananan kaji marasa nauyi, kuɗin abinci kuma ya tafi. Saboda haka kafin mu miƙa kuɗi, mu tambaya: na ƙwai ne, na nama ne, ko zakaru?

Aikin gida: kowa ya tambayi kakarsa ko kakansa yadda ake kiran 'ya'yan zabo, agwagwa da talotalo a garinsu, ya rubuto mana tare da sunan makarantarsa. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.