Madarar Dubiya da Mai Ciwon Ƙoda

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya san yadda ɗan akwatin gefen gado yake cika kafin la'asar: wannan ya ajiye ledar ayaba, wancan gwangwanin cakulan, wata gwaggo kuma ta shigo da kwalaye shida na madarar nan mai zaƙi, tana cewa, "Daure ka sha, ɗan nan, ka ji ƙarfi." A makon jiya na je duba wani ɗan'uwa da ake yi wa wankin ƙoda, na tarar da irin wannan tarin alheri a gefensa, shi kuwa yana ta sosa damtsensa har ya yi furu-furu, kunya ta hana shi cewa a mayar.

Babu mai musun cewa dubiya sunna ce mai falala, kuma haƙƙi ce ta musulmi a kan ɗan'uwansa. Amma kyakkyawar niyya, matuƙar ba ta tafi tare da ilimi ba, takan zama sababin cutar da wanda aka zo tausaya wa. Allah cikin hikimarsa ya sanya ƙoda ta zama matatar jini, tana fitar da rarar ruwa da gishiri da sinadarai irin su fosforas da fotasiyam, ta yadda idan ta raunana, abin da ke gina jikin mai lafiya sai ya taru a jinin majinyaci ya zame masa musiba: fosforas ya raunana ƙashi, ya jawo ƙaiƙayi, ya sandarar da jijiyoyin jini, fotasiyam kuwa ya rikita bugun zuciya, har ma ya tsayar da ita.

To, kofi ɗaya na madarar shanu, wato kimanin mililita 240, yana ɗauke da fosforas wajen miligiram 230 da fotasiyam fiye da 300, alhali likitoci kan taƙaita wa wanda fosforas ɗin jininsa ya hau, su ce ya tsaya tsakanin miligiram 800 da 1,000 a yini, haɗe da na nama da kifi da wake. Idan aka zuba cakulan, sinadaran biyu sun ƙaru; idan aka zuba sukari, an taɓo wani gyambon, domin ciwon suga da hawan jini su ne manyan musabbaban lalacewar ƙoda; fosforas ɗin da wasu masana'antu ke ƙarawa kuwa, hanji yakan shanye shi kusan duka.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa hukuncin ba ɗaya ba ne ga kowa. Wanda ciwonsa ke matakin farko, gwajin jininsa kuma ya yi kyau, ana iya yi masa rangwame, wani kuma a ce masa rabin kofi a yini, fura da nono ma cikin lissafi. Likita ne ke yanke wannan, bayan ya duba sakamakon gwaji.

Saboda haka, jama'a, musamman 'yan'uwanmu na Gashuwa da Nguru da Haɗeja, inda wannan lalura ta yawaita: kafin ku sayi kwalin madara, ku tambayi mai jinya abin da likita ya yarda a sha. In ba ku samu amsa ba, ku damƙa masa kuɗin ya ƙara a na wankin ƙoda, ku yi addu'a, ku tashi.