Sirrin Kalma: Fanishimen Ko Horo?



Duk wadda ta yi makarantar kwana ta san kalmar nan punishment, wadda muke ce wa fanishimen. Ni kam ba zan manta ranar da wata siniya ta sa ni durƙuso kan tsakuwa da tsakar rana ba, wai don ban cika mata bokiti ba. Wallahi har yau tabon na nan a gwiwata.

To daga ina kalmar ta fito? Turawan Ingila aro ta suka yi daga Faransanci, bayan Normawa sun ci ƙasarsu da yaƙi a 1066. Faransanci ya gaje ta daga kalmar Latin poena, ita kuma daga Girkanci poine, wato diyyar da mai laifi ke biya. Kalmar pain, mai nufin ciwo, uwarsu ɗaya.

Ita kuwa discipline danginta discipulus ne, ma'ana ɗalibi. Kun ga bambancin ke nan: ɗaya biyan bashi da zafi, ɗaya koyarwa. Bahaushe sai ya haɗe su a kalma guda, horo.

Don haka ke siniya, ke yaya, ke mai riƙon 'yar wani, kafin ki ɗaga bulala tambayi zuciyarki: gyara nake so ko huce haushi? Ni dai tsakuwar nan ba ta koya min komai ba sai tsoro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, kar ya karye.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.