Daga Madafa: Tukunyar Mutum Biyu, Girkin Rabin Awa

Yau maganarmu a kan ƙaramar tukunya take.

Yawancinmu a gidan yawa muka koyi girki. Hannu ya saba da auna shinkafa da kwano, ya saba da tuƙa tuwon mutum ashirin, ya saba da kwarara mai ba tare da an nemi cokali ba. To, sai ga shi zama ya canza. Ka shiga lungunan Nima da Maamobi ka ƙirga ɗakunan da mutum biyu ne kawai a ciki: amarya da angonta, Alhaji da Hajiya da 'ya'yansu suka yi aure suka tashi, ɗan kasuwa da ƙaninsa da ya ɗauko daga Tawa ko Sakkwato don ya taya shi jiran shago. Mutane sun ragu, amma hannu bai rage awo ba.

Abin da ke biyo baya ɗayan biyu ne. Ko dai a yi babbar miya ranar Lahadi a yi ta ɗumame har Alhamis, kullum ana ƙara mai da dunƙule don ta dawo da ɗanɗano. Ko kuma a ce, “Mu biyu ne fa, meye na hura wuta?” Daga nan sai a koma sayen na waje safe da rana da dare.

Kada a ce na zagi sana'ar iyayenmu masu sayar da abinci. Waakye namu ne, sunansa ma daga kalmarmu ta wake ya fito, kuma shinkafa da wake abinci ne mai gina jiki. Kokon Hausa da tuwon zafi sun ciyar da Accra baki ɗaya, sun biya kuɗin makarantar yara ba adadi. Matsalar tana wurin yadda muke cewa a zuba mana: a sa taliya, a sa gari, a ƙara shito, a ɗora ganda da soyayyen kifi. Garin rogo a kan taliya a kan shinkafa, ganye kuwa ko ƙyallinsa babu. Sau ɗaya a rana ba laifi. Sau uku a rana, shekara da shekaru, ga zaman shago ba motsi, nan ne jiki ke fara rubuta bashi.

Bashin nan sunansa hawan jini da ciwon suga. Binciken da aka yi a Ghana ya nuna kusan mutum ɗaya cikin manya huɗu yana da hawan jini, da yawa kuma ba su ma san suna da shi ba, don ciwo ne da ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da shito da kifin gishiri. Ta kuma ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum. Gwamnatin Ghana ma ta fitar da nata jagoran cin abinci a 2023, a shekarar kuma aka ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan lemon kwalba mai sukari. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa ranar da ya kwanta asibiti, shago a rufe yake, jari kuma shi ake ci.

Na san abin da za a ce: ina lokacin? Wanda ke sammakon shiga trotro zuwa Makola ko Kantamanto, ko ɗan albasar da tun 2021 aka mayar da kasuwarsu daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, sai bayan magariba yake ganin ƙofar ɗakinsa. Gaskiya ne. Shi ya sa duk girkin da zan kawo ba ya wuce rabin awa, a kan risho ɗaya ko kurfoti ɗaya.

Sayayyar Laraba

Rabin aikin a kasuwa ake gama shi. Ranar Laraba da kasuwar Nima ke cika, a sayi kayan da ba ruwansu da firji, don dumsor ba ya shawara da kowa: garin wake, garin masara, garin rogo, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, ƙuliƙuli, citta, tafarnuwa, albasa, da busasshen kifi, ko amane ko ƙananan nan da ake kira Keta school boys. Waɗannan a saye su da olonka ko rabinsa, sun fi araha. Ɗanyen ganye kuwa, ayoyo da alayyahu da kontomire da kabeji, a saya na kwana biyu kawai, kada arha ta ruɗe ki ki kwaso abin da zai ruɓe a kwando. Sannan a ajiye gwangwanin madara guda ɗaya a wanke. Shi ne mudun gidan mutum biyu.

Na farko: ɗanwake da kayan lambu

Garin wake gwangwani ɗaya da rabi, garin rogo rabin gwangwani, kuka cokali ɗaya, da ɗan ruwan kanwa kaɗan. Ki ɗora ruwa tun kafin ki fara kwaɓi, ki jefa ƙwai biyu a ciki su dahu tare. Ki kwaɓa garin da ɗan tauri, in ruwa ya tafasa ki riƙa jefawa ƙanana ƙanana. Idan suka taso sama ki ba su kamar minti goma, ki tsame a ruwan sanyi. Yayin da yake wuta kin yanka kabeji da tumatir da albasa da kokwamba. Ga inda ake yin ɓarna: mai. Babban cokali ɗaya ga kowane mutum ya isa, a soya albasa a ciki don ƙamshi. Kayan lambun su kai rabin faranti. Yajin ma a tuna akwai gishiri da dunƙule a cikinsa, barbaɗawa ake yi, ba tulawa ba.

Na biyu: tuwon zafi da miyar ayoyo

Mutane na ganin tuwo aiki ne, alhali na mutum biyu bai fi minti goma sha biyar ba. Garin masara gwangwani ɗaya da rabi, ki yi talge da kashi ɗaya, ki tuƙa da sauran tare da garin rogo cokali biyu don ya yi laushi. Ki kwashe malmala biyu, kowace kamar dunƙulen hannun mai cin ta. Miyar kuwa, ruwa kofi biyu, daddawa guda, albasa, attarugu, da kifin da aka ɓare aka wanke. Su tafasa minti bakwai, sai ki zuba yankakken ayoyo ƙulli biyu, minti biyar ki sauke ki burga. Kada ki cika kanwa don neman yauƙi, tana kashe wasu sinadaran ganyen. Jar miyar nan mai iyo da mai da ake ɗorawa a kai, a bar ta sai ranar baƙi. Ƙananan kifin nan kuma a ci su da ƙayarsu, a nan sinadarin ƙarfafa ƙashi yake.

Na uku: faten doya da kontomire

Wannan shi maƙwabtanmu ke kira mpotompoto, tukunya ɗaya ce, wanke-wanke kaɗan. Doya yanka huɗu ko dankalin Hausa guda uku, a fere a yanka ƙanana don su yi saurin dahuwa. A zuba ruwa iya kansu, a sa tumatir biyu, albasa, citta, daddawa da amane guda biyu. Bayan minti goma a zuba yankakken kontomire mai yawa, a bar shi ya dahu sosai, don ɗanyensa yana ƙaiƙayin maƙogwaro. A ƙarshe manja cokali ɗaya, a ɗan farfasa doyar da ludayi. Namijin da bai taɓa riƙe muciya ba ma zai iya wannan.

Maganar dunƙule da ragowa

Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne. Wadda ta jefa uku a miyar mutum biyu, sannan ta ƙara gishiri, ta kusa cinye rabon yini a zama ɗaya. Ba na cewa a daina dare ɗaya, maigida zai yi ƙorafi. A rage sannu a hankali: wannan mako biyu, mako mai zuwa ɗaya, a cike gurbin da daddawa da tafarnuwa da citta da garin kifi. Cikin 'yan makonni harshe ke sabawa. Koobi da momoni kuwa a jiƙa su a zubar da ruwan, kuma ranar da suka shiga tukunya kada gishiri ya biyo su.

Idan abinci ya rage, kada ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafin Accra, musamman shinkafa. Ko a sa a firji, ko a miƙa wa maƙwabci tun da zafinsa, wanda za a ci daga baya kuma a ɗumama shi har ya yi tururi. Amma amfanin gwangwanin nan ke nan: in an auna daidai, ba a samun ragowar da za a yi ta jinya.

Ranar da gajiya ta yi yawa, a sayi na waje ba tare da jin kunya ba, sai dai a saya da wayo. Waakye zalla da ƙwai ko kifi, ban da taliya da gari, a zo gida a yanka kabeji da tumatir a kai. Koko da safe a ce kada a sa sukari, a sa rabin cokali da hannunka, a haɗa da ƙosai ko gyaɗa. Shayi kuma a ba shi tazarar awa guda bayan cin wake ko ganye, don yana rage wa jiki cin moriyar sinadarin da ke ƙara jini. Lemon zaƙi ko abarba su suka fi dacewa da bayan abinci.

Sai ku maza. Alhaji, idan ku biyu kuka wuni a kasuwa, ku biyu kuka gaji. Yanka albasa ba ya rage girma, rabin awa kuma in hannu huɗu ne ya koma minti ashirin. Ku samari masu zaman ɗaki ɗaya, ku lissafa abin da kuke kashewa a abincin dare na mako guda, ku gwada shi da kuɗin rabin olonka na garin wake. Wanda ya haura arba'in kuma ya tsaya a asibitin Maamobi ko kantin magani mafi kusa a auna masa jini. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya ci gaba da shan abinsa, gyaran tukunya taimako ne, ba madadin likita ba.

A fara da dare uku a mako. Da sannu ƙaramar tukunya za ta zama jiki. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abin da ya kamata a ƙulla wa mai tafiyar fatauci zuwa Kumasi ko Bawku. A huta lafiya.