Sha'anin Mota: Daga Tema Zuwa Gida Lafiya

A wannan wata za mu yi magana da 'yan uwanmu na zango waɗanda suka yi shekaru suna tara kuɗi, har Allah ya nufa suka sayi tsohuwar babbar mota a tashar jiragen ruwa ta Tema. Muna taya su murna, amma muna tuna musu cewa babu tafiyar da ta kai ta farko haɗari. Mai mota bai san halinta ba, direba bai san halinta ba, ita kuma wataƙila ta yi watanni a ajiye kafin ta hau jirgi.

Farkon abu takardu. Kada mota ta bar Tema sai da takardun kwastan, da inshora, da lambar wucin gadi ta DP wadda hukumar DVLA ke bayarwa. Direba kuma ya kasance mai lasin babbar mota. Ƙanen mai gida da ya saba da tasi bai isa wannan aiki ba, ko da kuwa za a ɓata da shi.

Na biyu, a tafi da fita tun daga gida, wanda aka amince da shi, ya fara da birki. Yawancin motocin nan birkin iska gare su. A tayar da inji a ga allurar iska ta hau, sannan a kashe, a taka birki, a kasa kunne. In an ji iska tana fita ko allura tana sauka, babu tafiya ranar nan. A buɗe ƙasan tankunan iska ruwan da ya taru ya zube.

Taya kuwa, kada kyan fuskarta ya ruɗe mu. Tun shekarar 2000 ana buga lambobi huɗu a gefenta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wato 2312 na nufin mako na 23 na 2012. Tayar da ta saba da sanyin Turai, ga tsufa, ba ta jure zafin kwaltarmu. A canja baƙin mai, a duba ruwan lagireto, a riƙe matatar man dizal ta ajiya, domin dattin da ya kwanta a tanki yakan tashi da girgizar hanya ya toshe ta.

Mun san abin da zuciya ke raya wa mai mota: a ɗora siminti ko gishiri a sami kuɗin mai. Mu dai shawararmu ita ce ta tafi babu kaya. Kuɗin lodi ɗaya ba zai biya inji ba, balle rai. Sai dai direba ya sani, mota wofi takan ja taya in aka taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Daga Tema zuwa Tamale ya haura kilomita 600, saboda haka a raba tafiyar biyu. Bayan kamar kilomita 50 a tsaya a sake ɗaure notocin taya, a kai hannu kusa da cibiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi 'yan uwanta zafi tana da magana. A bi Nsawam, Suhum, Nkawkaw da Konongo, a shiga Kumashi da sauran rana. Duk abin da mota ta nuna a hanya, ga masu gyara a Magazin ta Suwame. Washegari a yi asubanci, Tachiman, Kintampo, Buipe, Yapei. A gangara a sa ƙaramar giya tun daga sama, kada a dogara da birki har ya yi zafi ya ƙi kamawa. Ba mu manta da haɗarin kusa da Kintampo na Fabrairun 2016 ba, inda bas da babbar mota suka yi karo, mutum fiye da 50 suka rasu.

Tafiyar dare kam babu ita. In mota ta lalace, a fitar da ita daga kwalta iyakar iyawa, a kafa alamar nan mai kusurwa uku nesa da ita gaba da baya. Ganyen da muka saba zubawa ba ya haske da dare, kuma wanda zai afka mata ɗan wani ne.

Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah ya sa albarka a abin da aka saya, ya kai kowa gida lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.